Bayani kan katin hoto na kwamfuta da yadda ya sauya tun daga 1981

Katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad, shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana duk abin da ake gani a allo.

A kwamfutar da aka haɗa domin wasanni, sau da yawa shi ne ya fi kowane ɓangare tsada, kuma shi ne ya fi shan wutar lantarki.

Manyan kamfanonin da ke tsara ƙwaƙwalwar waɗannan katuna a yau guda uku ne, wato Nvidia da AMD da Intel, dukkansu na Amurka.

Aikin katin

Hoton da ke allo tarin ƙananan ɗigon haske ne. Allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana da ɗigo fiye da miliyan biyu.

Kafin wasa ya tafi ba tare da sarƙewa ba, ana son a sake zana waɗannan ɗigo kamar sau 60 a kowace daƙiƙa.

Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da sassa kaɗan masu ƙarfi da ke bin aiki daki-daki. Ƙwaƙwalwar katin hoto kuwa, wadda ake kira GPU, tana da dubban ƙananan sassa da ke yin lissafi iri ɗaya a lokaci guda, abin da ya sa ta fi dacewa da zane.

Farkon lamarin

A shekarar 1981 kamfanin IBM ya fito da katin CGA, wanda ke nuna launi huɗu kacal a lokaci ɗaya a yawancin wasanni.

EGA ya biyo baya a 1984 da launi 16, sannan VGA a 1987 da launi 256.

A wancan zamani katin nuna hoto kawai yake yi, babbar ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar nauyin lissafi. A haka aka riƙa buga wasan Doom na 1993.

Zamanin Voodoo

Al'amura sun sauya a 1996, lokacin da kamfanin 3dfx na jihar Kalifoniya ya fito da Voodoo, mai ma'adanar megabayit huɗu.

Zanen hoto mai zurfi, irin wanda ke nuna kusa da nesa, shi ne kaɗai aikinsa, don haka sai an haɗa shi da wani katin na ayyukan yau da kullum.

Duk da haka ya samu karɓuwa sosai, musamman a wurin masu buga Quake da Tomb Raider.

A 1998 aka yi Voodoo2, wanda ake iya haɗa guda biyu a kwamfuta ɗaya domin ƙarin sauri.

Sai dai kamfanin bai daɗe ba. Ya yi jinkirin fito da sababbin katuna, ya kuma ɓata da kamfanonin da ke sayen ƙwaƙwalwarsa bayan da ya fara haɗa katunan da kansa. A ƙarshen shekarar 2000 ya amince ya sayar wa Nvidia kadarorinsa.

Nvidia da ATI

An kafa Nvidia a 1993, kuma Jensen Huang, ɗaya daga cikin mutane ukun da suka kafa shi, shi ne shugabansa tun daga lokacin.

A 1999 kamfanin ya fito da GeForce 256, wanda ya tallata a matsayin GPU na farko a duniya, saboda ya ɗauke wa babbar ƙwaƙwalwa lissafin siffofi da na haske.

Babban abokin hamayyarsa a lokacin shi ne ATI na Kanada, mai katunan Radeon. A 2002 ATI ya sha gaban Nvidia da Radeon 9700 Pro, kafin AMD ya saye shi a 2006 a kan dala biliyan biyar da miliyan ɗari huɗu.

A ƙarshen 2006 Nvidia ya mayar da martani da GeForce 8800 GTX. Bayan shekara ɗaya ya fito da 8800 GT, wanda ya kusa kamo shi a ƙarfi amma a kusan rabin farashi.

Katunan da suka fi shiga hannun jama'a

Tarihin wannan kasuwa ya nuna cewa katin da ya fi ƙarfi shi ke yin suna, amma mai matsakaicin farashi shi jama'a ke saya.

Haka aka gani da GeForce2 MX a 2000, da GeForce4 Ti 4200 a 2002, da 6600 GT a 2004, da kuma Radeon HD 4850 a 2008.

GTX 750 Ti na 2014 ya yi farin jini ne saboda wat 60 kawai yake ci, kuma yawancinsu ba sa buƙatar ƙarin wayar wuta, don haka ana iya sa shi a tsohuwar kwamfutar ofis.

GTX 1060 na 2016, wanda aka sa wa farashin dala 249, ya shafe kusan shekara biyar yana kan gaba a ƙididdigar da shafin sayar da wasanni na Steam ke yi kowane wata, har sai da GTX 1650 ya wuce shi a ƙarshen 2022.

A ɓangaren AMD kuwa, RX 580 na 2017 mai gigabayit takwas ya daɗe yana ci a kasuwar kayan hannu.

Tsada da ƙaranci

A 2018 Nvidia ya fara jerin RTX, masu bin diddigin yadda haske ke faɗawa a kan abubuwa domin inuwa da ƙyalli su yi kama da na zahiri.

A 2020 da 2021 katunan sun yi wuyar samu a duniya. Annobar korona ta kawo cikas ga masana'antu, yayin da masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suka riƙa saye da yawa.

A watan Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsarinsa ya daina buƙatar katunan, lamarin da ya sa masu haƙar suka zubo su kasuwa a matsayin na hannu.

Daga nan sai ƙirƙirarriyar basira ta karɓe kasuwar. Tun a 2012 masu bincike a Jami'ar Toronto suka horar da manhajar gane hotuna ta AlexNet da katin wasa GTX 580 guda biyu.

Darajar Nvidia ta kai dala tiriliyan ɗaya a 2023, ta kuma haura tiriliyan huɗu a 2025, kuma mafi yawan kuɗin shigarsa daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suke zuwa. Wasanni sun koma ƙaramin kaso.

Yadda abin yake a Sakkwato

A biranen arewacin Najeriya, yawancin matasa sun san wasan bidiyo ne ta gidajen gem, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallon ƙafa a PlayStation, sai kuma ta wayar salula.

Waɗannan na'urori ma da irin wannan ƙwaƙwalwa suke aiki. Nvidia ne ya tsara ta PlayStation 3, AMD kuma ya yi ta PlayStation 4 da 5.

Ga matashin da ke zaune a Ƙofar Dundaye, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke son kwamfutar zanen gini ko tace bidiyo, abubuwa uku ne ke yanke hukunci: kuɗi da wuta da zafi.

RTX 5090 da aka fito da shi a watan Janairun 2025 an sa masa dala 1,999. A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, kusan naira miliyan uku ke nan, wato albashin fiye da shekara uku da rabi ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Katin yana cin wat 575 shi kaɗai. Idan ya yi cikakken aiki na sa'a huɗu kullum, zai sha yunit 69 a wata.

A farashin naira 225 kan yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya haura naira 15,000. GTX 750 Ti kuwa bai kai naira 2,000 ba.

Ƙaramin janareta na gida, wanda ƙarfinsa bai kai wat dubu ɗaya ba, da wuya ya ɗauki kwamfuta mai irin wannan babban kati.

Haka kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma kati yakan rage saurinsa da kansa idan ya yi zafi da yawa. Ƙurar hunturu ma tana toshe fankokinsa idan ba a share su.

Hattara wajen saye

Yawancin kayan kwamfuta da ake sayarwa a arewa ta Legas suke shigowa, musamman kasuwar Computer Village da ke Ikeja, kuma da yawansu na hannu ne.

Akwai katunan jabu, inda ake ɗaukar tsohuwar ƙwaƙwalwa kamar GTS 450 a sauya mata suna ta riƙa nuna GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana iya tona asirin da yawa daga cikinsu.

Katin da aka yi haƙar kuɗi da shi ya yi aiki dare da rana, don haka ana duba fankarsa da kuma yadda zafinsa ke hawa.

Masu gyara kan ba da shawarar a gwada kati da wasa mai nauyi na tsawon lokaci a gaban mai shago, a kuma tabbatar akwatin wutar kwamfutar zai iya ɗaukarsa, kafin a biya kuɗi.

A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka kuwa, ƙwaƙwalwar hoton a manne take da babban allon ciki, ba a iya cire ta a sa wata.