Mai Zaɓa wa Makaranci Littafi: Daga Zariya Zuwa Gure

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A wancan zamani malamin makaranta ne ke zaɓa wa ɗalibi abin karantawa.

Daga shekarun 1980 al'amarin ya sauya. Marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga littattafansu da kansu, kasuwa ta zama alƙali. Littattafan suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Damagaram. A garuruwa irin su Gure, inda Faransanci ya daɗe yana harshen boko, shaidar baki ce ke tallata littafin Hausa: wadda ta karanta ta yaba wa ƙawarta, ta ara mata.

Yau wannan shawara ta koma WhatsApp da Facebook, inda ake yaɗa labaran soyayya, na aljanu da na binciken laifi. Tun da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ya wajaba malamai da ƙungiyoyin al'adu su karanta abin da matasa ke karantawa, domin shawararsu ta samu shiga.