Na'urorin Ɗaukar Hatsi da Sa Ido a Kansa a Rumbun Zamani na Gaya: Gurbin Iskar Hunturu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci na'urorin karɓar hatsi, ɗaga shi da lura da lafiyarsa a rumbun ƙarfe na Gwamnatin Tarayya da ke Gaya, mai cin tan 25,000. An ɗora nazarin a kan ƙa'idojin kimiyyar adana hatsi da yanayin gabashin Kano. An gano cewa nasarar ajiya ta fi dogara ga auna danshi da zafi da hura iskar hunturu fiye da girman rumbun.

Muhimman kalmomi: rumbu, danshi, hunturu, Gaya, Ajingi

1.0 Gabatarwa

Manoman Gaya da Ajingi sun daɗe suna ajiye gero da dawa a dami cikin rumbu, inda iska ke ratsa zangarniya ta ƙarasa busar da ita. Hatsin da aka sussuke aka zube tuli guda ba ya samun wannan gata, domin zafin da ya taso a cikinsa ba shi da mafita. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta amince da bayar da hayar wasu rumbunanta ga 'yan kasuwa na tsawon shekara 10, har da na Gaya. Tun da ajiyar ta koma harkar riba, tambayar ita ce: wace na'ura ce ta fi kare jari?

2.0 Matakan Karɓa da Ɗagawa

Mota kan fara hawa sikeli, sannan a caki buhuna a ɗebi samfuri. Nan ne ake yanke hukunci mafi nauyi. Dawa da masara ba sa jure dogon zama idan danshinsu ya haura kashi 13 cikin 100. Tan 100 mai danshi kashi 18 zai rage da kusan tan 5.7 idan aka busar da shi zuwa 13, don haka wanda ya saya ba tare da awo ba ya biya kuɗin ruwa. Gwajin haƙori da 'yan kasuwa suka saba da shi ba ya iya bambance 13 da 15.

Daga ramin juyewa, injin tankaɗe yana fitar da ƙaiƙayi, tsakuwa da tsaki. Sai bel mai jeren kofuna ya ɗaga hatsin sama, sarƙa mai ja ta raba shi cikin rumbuna, ƙarfe mai murɗawa kuma ya fitar da shi ta ƙasa. Idan tankaɗe bai yi kyau ba, tsaki da gari sukan taru a tsakiyar tuli su toshe hanyar iska. Ƙurar hatsi kuma tana iya kama wuta idan bel ya goce yana gugar ƙarfe.

3.0 Sa Ido a Cikin Rumbu

Hatsi abu ne mai rai, yana numfashi. Ƙwari da fumfuna ma suna numfashi, suna fitar da zafi da laima, laimar kuma ta ƙara musu ƙarfi. Da yake hatsi ba ya saurin watsa zafi, ɓarna kan daɗe a wuri guda ba a sani ba. Shi ya sa ake rataya wayoyi daga rufi, kowace da ma'aunan zafi a tsayi daban-daban. Abin lura shi ne hauhawar zafi a gurbi ɗaya daga mako zuwa mako, alhali maƙwabtansa ba su motsa ba. Rigakafi ya fi magani: idan an gano da wuri, fankar hura iska ko juya hatsin zuwa wani rumbu ya wadatar.

4.0 Tattaunawa

Ƙwarin hatsi sun fi hayayyafa tsakanin digiri 25 da 33, kuma haihuwarsu na ja baya ƙwarai idan zafi ya sauka ƙasa da 20. A Disamba da Janairu, daren ƙasar Kano kan yi sanyi zuwa wajen digiri 15, iska kuma a bushe. Wannan lokaci ya biyo bayan kakar dawa kai tsaye. Hura iskar dare na kimanin awa 150 a ma'aunin da aka saba yana sanyaya tuli gaba ɗaya, kuma tsakiyarsa kan riƙe sanyin har cikin bazara. Da damina kuwa, hura iska ba tare da duba laimarta ba jiƙa hatsi ne.

Amfanin wannan ya wuce rage asara. Yana rage dogaro ga magani, wanda illarsa ta bayyana a 2015 lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari. Buhun PICS na Jami'ar Purdue ya warware wa ƙaramin manomi matsalar ta hanyar toshe iska, amma dubban tan sai da fanka da wuta tsayayya.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya ba da shawara uku. A ware wa fanka da ma'aunai wuta ta musamman, ko daga hasken rana da batir. A ajiye na'urar auna danshi a wuraren sayen hatsi na Gaya da Ajingi, a kuma danganta farashi da sakamakonta. A horar da makanikai da maƙeran yankin kan gyaran kofuna, bel da sarƙa, domin tsayawar injin ɗagawa na mako guda a tsakiyar kaka yana mayar da motocin hatsi zuwa kasuwar Dawanau.