BABI NA UKU: Tarihin Tattara Hujjoji a Shari'ar Fyaɗe a Arewacin Nijeriya

3.1 Kafin Zuwan Turawa

A zamanin Daular Usmaniyya, alƙalai suna yanke hukunci ne bisa mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba, laifin zina yana tabbata ta ɗayan hanyoyi uku: shaidu huɗu maza adilai, ko iƙirarin mai laifi, ko bayyanar ciki ga matar da ba ta da miji. Hanya ta ukun ita ce mai haɗari ga wadda aka yi wa fyaɗe, domin cikin da ta ɗauka zai iya komawa hujja a kanta. Saboda haka malamai suka yi bayanin alamomin da ke gaskata da'awar tilastawa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risala ta Ibn Abi Zaid. Daga cikinsu akwai ta zo tana zubar da jini idan budurwa ce, ko ta yi kururuwar neman agaji har jama'a suka ji. Wasu littattafan sun ƙara da ta zo tana riƙe da wanda take tuhuma. Haka nan ana karɓar shaidar mata biyu a kan abin da maza ba sa gani, wanda hakan ya ba ungozoma da dattijan mata matsayi a gaban alƙali. Idan laifin ya tabbata, bayan haddi, namijin zai biya ta sadaki irin na tsararrakinta.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan alamomi ba sa buƙatar kuɗi ko kayan aiki, kuma ana samun su a kowane ƙauye. Sai dai suna da sharaɗi mai tsanani, wato gaggawa. Yarinyar da tsoro ko kunya ya sa ta yi shiru har ciki ya fito, ta rasa su baki ɗaya.

3.2 Zamanin Mulkin Mallaka da Dokar 1960

Bayan cin Kano da Sakkwato a shekarar 1903, Turawa sun bar kotunan alƙalai suna aiki, amma sun hana zartar da wasu haddodi. Babban sauyi ya zo ne da kundin dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda aka tsara bisa samfurin ta ƙasar Sudan, ta kuma fara aiki a 1960. Sashe na 282 ya bayyana ma'anar fyaɗe, na 283 kuma ya faɗi hukuncinsa. Daga nan nauyin hujja ya koma kan takardar likitan asibitin gwamnati, wadda 'yan sanda kan kai yarinya a cike mata.

A rubuce wannan ci gaba ne, amma a aikace ya nisanta hujja daga talaka. Ungozoma tana cikin unguwa, likita kuwa yana birni. Iyaye kan fara da yi wa yarinya wanka da wanke tufafinta, sannan a kai magana wurin mai unguwa ko dagaci don neman sulhu, sai in abin ya faskara a nufi ofishin 'yan sanda. Kafin a haɗa kuɗin mota da na katin asibiti, kwanaki sun shuɗe, alhali kuwa yawancin abin da likita zai iya ɗauka a jiki yakan gushe cikin kwana uku ko makamancin haka. Ga shi kuma kotuna sun gaji al'adar shari'ar Ingila ta neman wata hujja da za ta ƙarfafa maganar mai ƙara. Dokar Shaida ta 2011 ma, a sashe na 209, ta hana a hukunta mutum bisa shaidar yaro ɗan ƙasa da shekara 14 da ya bayar ba tare da rantsuwa ba, sai an sami abin da ya ƙarfafa ta.

3.3 Daga Shekarar 2000

Jihar Zamfara ta fara aiki da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci a watan Janairun 2000. A cikin wannan shekara wata kotu a Tsafe ta saurari shari'ar wata yarinya da aka samu da ciki, wadda ta ambaci maza uku ta ce su suka tilasta mata. Mazan suka musanta, ba a hukunta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita kuwa aka yanke mata bulala 100 ta zina da 80 ta ƙazafi. Daga baya an janye ta ƙazafin, aka zartar da sauran a Janairun 2001. Wannan shari'a ta nuna a fili abin da jinkiri ke jawowa: alamomin da malamai suka ambata sun riga sun wuce, kotun kuma ba ta da wata hanya ta zamani da za ta maye gurbinsu.

Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, wanda ake ganin zai warware irin wannan matsala, ya fi likita nisa. Sai a 2017 ne Jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta wannan gwaji. Abin da ya fi kusa da talakan Arewa shi ne cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, waɗanda suka biyo bayan Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, irin su Waraka a Asibitin Murtala na Kano da Salama a Kakuri ta Kaduna. Aikinsu bai dogara da na'ura mai tsada ba. Ma'aikaciyar jinya da aka horar ita ke rubuta bayanin yarinya da kalmominta, ta zana wuraren rauni a kan hoton jiki, ta busar da tufafi ta sa a ambulan na takarda maimakon leda, domin danshi yana lalata samfuri, sannan a rubuta sunan duk wanda kayan suka bi ta hannunsa. A nan kuma ake ba da maganin kariya daga ƙanjamau, wanda shi ma sai cikin awa 72 yake amfani.

A 2020 Jihar Kaduna ta gyara dokarta, ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe. Amma tsananta hukunci yakan sa alƙali ya ƙara tsananta binciken hujja, kuma waɗannan cibiyoyi an kafa su ne a manyan asibitocin birane, nesa da ƙauyukan da ungozoma ce kaɗai ke ganin yarinya a ranar farko.