Tarihin Takunkumi a Filin Ƙwallo: Daga Spider-Man Zuwa Black Panther

Yau doguwar hira ce, wanda yake sauri ya ajiye ta sai ya natsu.

Abu biyu ne suka kama zuciyata tun ina yaro, har yau kuma ba su sake ni ba: ƙwallon ƙafa da finafinan jaruman littattafan zane, su Spider-Man da Batman da Black Panther. A majalisa an sha gaya mini cewa ƙwallo ta manya ce, su Spider-Man kuwa kallon yara ne. Ban taɓa yarda ba, kuma hujjata tana cikin filin wasa, wurin 'yan wasan da kan ci ƙwallo su zaro takunkumi su rufe fuska. Wannan al'ada tana da tarihi, kuma wanda ya bi shi zai tarar kusan kowane takunkumi akwai wanda aka saka shi dominsa: aboki da ya rasu, ko ɗa, ko ƙasa.

Mu fara da 1966. A fitowar watan Yuli ta mujallar Fantastic Four, lamba ta 52, Stan Lee da Jack Kirby na kamfanin Marvel a Amurka suka fito da T'Challa, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙirƙira mai suna Wakanda, wanda ake wa laƙabi da Black Panther. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama babban jarumi a manyan mujallun zane na Amurka. A cikin watan Yulin nan dai ana gasar cin kofin duniya a Ingila, kuma tauraronta haifaffen Mozambik ne mai buga wa Fotugal, Eusébio, wanda shi ma laƙabinsa ke nan, baƙar damisa. Ranar 23 ga watan, a filin Goodison Park, Koriya ta Arewa ta zura wa Fotugal uku ba ko ɗaya tun kafin a yi rabin awa. Eusébio shi kaɗai ya rama huɗu, aka tashi 5-3. Da ƙwallo tara ya gama gasar, babu wanda ya kamo shi. Masu zanen can Amurka harkarsu daban, shi ma harkarsa daban, amma a shekara ɗaya duniya ta samu damisa biyu daga Afirka, ɗaya a takarda, ɗaya a fili. Sai da aka shafe shekara hamsin da 'yan kai kafin wani ɗan wasa ya haɗa su wuri guda.

Kafin mu kai can, sai mun biya ta Ekwado, domin nan ne labarin ya fi sosa mini rai.

Akwai wani ɗan wasan gaba mai suna Otilino Tenorio, wanda ya yi suna a ƙungiyar Emelec, ya kuma taɓa buga wa Al-Nassr ta Saudiyya. Al'adarsa ce in ya ci ƙwallo ya zaro takunkumin Spider-Man ya saka, har sunan ya bi shi. Yana cikin tawagar ƙasarsa a lokacin da suke fafutukar samun gurbin zuwa kofin duniya na 2006. A watan Mayun 2005 ya rasu a haɗarin mota, yana da shekara 25. Ekwado ta samu gurbin, aka tafi Jamus ba shi. Ranar 15 ga Yuni, 2006, a birnin Hamburg, suna cin Kosta Rika biyu da nema, ana dab da tashi, Iván Kaviedes ya ƙara ta uku. Sai ga shi ya zaro takunkumin Spider-Man mai ruwan ɗorawa, kalar rigar ƙasarsu, ya rufe fuskarsa ya buɗe hannuwa. Ku tsaya ku yi tunanin abin. Mutum ya shiga fili da kayan abokinsa a ɓoye a jikinsa, bai da tabbacin zai ci ƙwallo, amma ya shirya don in Allah ya ba shi, duniya ta tuna da marigayin. A ranar ne kuma Ekwado ta tsallake zuwa zagaye na biyu, karon farko a tarihinta. Wanda ya san wannan labari ba zai sake kiran takunkumin nan wasan yara ba.

'Yan Newcastle ma suna da nasu Spider-Man, Jonás Gutiérrez ɗan Ajantina, wanda ya taho da al'adar tun daga Mallorca ta Sifaniya. Shi ne wanda ya yi jinyar cutar daji, ya warke, ya dawo fili, sannan a wasan ƙarshe na kakar 2015 ya ba da ƙwallo aka ci, shi ma ya ci ɗaya a ragar West Ham, ƙungiyarsa ta tsira daga faɗuwa.

To, yanzu mu zo kan gwanina, Pierre-Emerick Aubameyang.

An haife shi a garin Laval na Faransa a 1989. Mahaifinsa tsohon ɗan wasan Gabon ne, shi ma kuma da ya girma, duk da yana da damar buga wa Faransa, Gabon ya zaɓa. A Saint-Étienne ya fara haskawa, a can kuma ya tarar da mai tsaron gida Jérémie Janot, mutumin da magoya baya ke matuƙar ƙauna, wanda a 2005 ya taɓa shiga fili da kayan Spider-Man. A 2012 Aubameyang ya ci ƙwallo ya saka takunkumin don girmama Janot. Amma ranar da duniya ta lura da shi ita ce 13 ga Agusta, 2014, a wasan Super Cup na Jamus, Dortmund da Bayern Munich. Mkhitaryan ya ci ta farko. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Piszczek ya kwaso ƙwallo daga gefe, Aubameyang ya tashi sama ya sa mata kai. Yana gudu ya sunkuya ya zaro takunkumi daga cikin safarsa. Ranar ce zagayowar haihuwar ɗansa, saboda shi ya yi.

Wanda ya fi kowanne armashi a zamansa na Jamus shi ne na Fabrairun 2015. Waɗanda suka bi Bundesliga a kakar nan sun san halin da Dortmund ta shiga. Ƙungiyar da ta buga wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2013, sai ga ta a farkon Fabrairu ita ce ta ƙarshe a teburi, kuma ita ce kakar Jürgen Klopp ta bankwana. Suna cikin farfaɗowa sai ga wasan hamayya da Schalke ranar 28 ga wata, wasan da a yankin Ruhr ya fi kowane wasa nauyi. Dortmund ta yi ta kai hari ƙwallo ta ƙi shiga, har minti na 78, sannan Aubameyang ya ɓarke ragar. Ya ruga bayan raga inda aka ajiye musu kaya, ya fito a Batman har da mayafinsa, Marco Reus kuma ya ɗaura ƙyallen ido ya zama Robin, yaron Batman. Aka tashi 3-0. Alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi, amma waye ya damu? Batman dai jarumi ne da ke fitowa lokacin da gari ya rikice, kuma Dortmund a rikice take a lokacin.

A watan Janairun 2016, a nan Abuja, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2015, ya kawo ƙarshen shekara huɗu da Yaya Touré ya yi yana lashewa a jere. A kakar 2016/17 ya ci 31 a Bundesliga, ya fi kowa. Sai dai akwai takunkumi ɗaya da ban so ba, kuma gaskiya ɗaya ce, sai na faɗa. A Afrilun 2017, a wani wasan da Schalke, ya saka wanda ke da alaƙa da tallan kamfanin Nike, alhali Puma ce ke yi wa Dortmund riga, har abin ya jawo masa matsala da shugabannin ƙungiyar. Wannan talla ce, ba ta cikin lissafina.

A ƙarshen Janairun 2018 ya koma Arsenal. Makonni kaɗan bayan haka fim ɗin Black Panther ya fito, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, Chadwick Boseman ya fito a T'Challa. Wanda bai ga yadda fim ɗin nan ya girgiza mutane ba zai ɗauka zuzutawa muke yi. Ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci kyautar Oscar uku. Amma ni ba kuɗin ne suka dame ni ba. Mun saba in an nuna Afirka a finafinan Amurka, to yunwa ce ko yaƙi ko namun daji. Sai ga fim da mutanensa ke magana da harshen Xhosa na Afirka ta Kudu, ana ganin rubutu mai kama da Nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya, ga sarauta da fada da majalisar dattawa, kuma su ne suka fi kowa ilimin ƙere-ƙere a duniya. Bahaushen da ya tashi yana ganin hawan sallah da zaman fada ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda ake gaida sarki a Wakanda. Gaisuwar tasu, ta gicciya hannuwa a ƙirji, nan da nan ta shiga filayen wasa.

Sai Maris ɗin 2019, gasar Europa, zagayen 'yan sha shida. Mu 'yan Arsenal mun je Faransa, Alex Iwobi ya ci mana tun da wuri, aka kori Sokratis da jan kati, Rennes ta lallasa mu 3-1. Wanda yake goyon bayan Arsenal ya san irin makon da muka yi, ya san abin da muka sha a bakin 'yan Chelsea da 'yan Manchester a gidajen kallo da teburin mai shayi. Ranar 14 ga Maris suka zo Emirates. Minti biyar da take wasa Aubameyang ya ci. Kafin minti ashirin ya ɗaga wa Maitland-Niles ƙwallo ya sa kai, biyu ke nan. Daga nan hankali bai kwanta ba, domin ƙwallo ɗaya daga Rennes za ta ɓata komai. A minti na 72 Kolašinac ya shimfiɗo ta daga hagu, Aubameyang ya tura ta raga. Ya nufi bayan allon talla, ya buɗe jaka, ya ɗago kai da fuskar Black Panther, ya gicciya hannuwa a ƙirji.

Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Da aka tambaye shi dalili, bayaninsa gajere ne: yana son takunkumin da zai wakilce shi, kuma tawagar ƙasarsa Gabon ana kiranta Damisoshi ne. Ga inda damisar takarda da damisar fili suka haɗu, a fuskar kyaftin ɗin Gabon, a tsakiyar Landan. Kakar nan kuma ya gama ta da takalmin zinare na Firimiya, ƙwallo 22, tare da Mohamed Salah da Sadio Mané. 'Yan Afirka uku, ba wani a tsakaninsu.

Ranar 28 ga Agusta, 2020, Chadwick Boseman ya rasu yana da shekara 43. Sai a lokacin duniya ta san tun 2016 yake fama da cutar dajin hanji. Duk tsalle-tsallen da faɗace-faɗacen da muka gani a fim, mutumin yana yin su ne a tsakanin tiyata da shan magani, bai fito ya gaya wa duniya ba. Washegari Arsenal na da wasan Community Shield da Liverpool a Wembley, fili wayam ba 'yan kallo saboda korona. A minti na 12 Aubameyang ya karɓi ƙwallo daga hagu, ya shigo ciki, ya murɗa ta ta wuce Alisson. Wannan karon babu takunkumi. Ya tsaya cak ya gicciya hannuwansa a ƙirji. Aka tashi 1-1, aka je bugun fenariti, shi ne kuma ya buga na ƙarshe da ya ba mu garkuwar. Na san yadda zamansa a Arsenal ya ƙare, da karɓe kyaftin a Disambar 2021 da tafiyarsa Barcelona, kuma abin ya yi mini ciwo. Amma bai goge waccan ranar ba.

Namu na gida kuwa, Victor Osimhen, nasa takunkumin ba na murna ba ne. A Nuwambar 2021 ya yi karo da Škriniar na Inter Milan, ƙasusuwan fuskarsa suka karye, aka yi masa aiki, likitoci suka ce sai da kariya zai koma fili. Da ita ya ci ƙwallo 26 a kakar 2022/23, Napoli ta ɗauki kofin Italiya karon farko cikin shekara 33, tun zamanin Maradona. Yaran birnin suka riƙa yawo da irin takunkuminsa, kamar yadda wasu yaran ke yawo da na Batman. A Disambar 2023 ya zama gwarzon Afirka, ɗan Najeriya na farko tun bayan Nwankwo Kanu a 1999.

Abin da har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne dokar ƙwallo ta 12, wadda ta ce duk ɗan wasan da ya rufe kansa ko fuskarsa da takunkumi yayin murnar cin ƙwallo a ba shi katin gargaɗi. Na yarda a hukunta mai ɓata lokaci, da mai tsokanar magoya bayan abokan hamayya, da mai yin talla. Amma a ce wanda ya tuna da abokinsa da ya rasu hukuncinsa ɗaya da wanda ya yi wa ɗan'uwansa muguwar ƙeta, wannan bai yi mini ba, kuma ya kamata masu tsara dokokin su sake dubawa.

In kuma aka ce in jera su, duk da ni ɗan Arsenal ne na gidi, na Kaviedes a Hamburg shi ne na ɗaya, na Aubameyang a kan Rennes na biyu, Batman da Robin na uku. Wanda yake da ja, ya kawo nasa da hujja, ina saurare.