Ƙoda, Hawan Jini da Bambancin Namiji da Mace: Tarihin Wani Bincike

A shekarar 1898, a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, malamin ilimin jiki Robert Tigerstedt da almajirinsa Per Bergman suka tatso ruwa daga ƙodar zomo suka ɗura shi a jijiyar wani zomon, sai jininsa ya hau. Suka sa wa sinadarin suna renin, amma maganar ta kwanta fiye da shekara talatin, har 1934 da Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar kare a Cleveland, ya kafa hujjar cewa lalle ƙoda tana da hannu a hawan jini. Wajen 1940 kuwa, jama'ar Eduardo Braun-Menéndez a Ajantina da ta Irvine Page a Amurka suka bayyana sirrin al'amarin, wato renin yakan yanka wani furotin da hanta ke samarwa, daga nan anjiyotensin ya samu, shi ne mai ƙuntata hanyoyin jini, mai sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa.

A tsawon wannan zamani galibin masana sun ɗauka mizanin ɗaya ne ga namiji da mace, har sai da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta yaɗu, John Laragh da abokan aikinsa a New York suka ba da rahoto a 1967 cewa jinin wasu matan da ke shan ta ya hau, saboda istirojin ɗin cikinta, wato sinadarin jinsi na mata, yana zuga hanta ta yawaita wancan furotin. An kuma lura cewa gaɓar da ke samar da yawu a jikin ɓera namiji ta fi ta mace renin nesa ba kusa ba, sababin haka kuwa testosteron ne, wato sinadarin jinsi na maza. Sa'an nan a 1971 Detlev Ganten ya sami alamar renin a cikin ƙwaƙwalwa, aka fara fahimtar cewa zuciya da jijiyoyi da ƙoda kowacce tana da nata tsarin na cikin gida, wanda sinadaran jinsi ke iya karkata shi.

Abin da bincike ya nuna daga baya ya fi zaton farko zurfi, domin istirojin, duk da yana ƙara furotin ɗin hanta, yana rage sinadarin ACE mai kunna anjiyotensin, da kuma makarɓan da anjiyotensin ke kamawa, alhali testosteron yakan ƙarfafa ɓangaren mai matse jijiya. Ga kuma ACE2 mai sassautawa, wanda aka gano a 2000, asalinsa yana kan ƙwayar gado ta X. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hawan jini ke rangwanta wa mata kafin ɗaukewar haila, ya kuma tsananta bayanta. Saboda haka dokar Amurka ta 1993, wadda ta wajabta sanya mata cikin gwajin magani da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, gyara ce ga sakacin da ya daɗe, kuma wajibi ne likita ya auna jinsi da shekarun majiyyaci kafin ya rubuta magani.