Asalin Kula da Badalar Kano

Badalar Kano, wato ganuwar da ta kewaye birni, an fara ginin ta ne zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, ɗansa Tsaraki ya kammala. Daga baya Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17.

A wancan zamani ba wanda ya ɗauke ta kayan tarihi. Garkuwar gari ce, kuma ginin ƙasa ba ya son sakaci: damina ɗaya ta isa ta zaftare masa gefe. Saboda haka in ruwa ya ɗauke sai sarki ya ba da umarni a fito gayya. Wasu na haƙo ƙasa, wasu na kwaɓa ta da ƙafa, wasu na mulmula tubali suna shanyawa a rana, magina na bisa suna jerawa suna yaɓe. Ramukan da aka ɗebi ƙasa a ciki su ne suka zama kududdufan da ke gindin badala. Kowace ƙofa kuma tana da Sarkin Ƙofa, mai rufe ta da dare, ya buɗe da safe.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, yaƙi ya ƙare, gayyar ma ta bi shi. Abin da ba ya tsare ran kowa, ba a tilasta wa kowa gyara shi. Daga nan ne kula da badala ta tashi daga hannun mutanen unguwa ta koma ofis. Dokar kayan tarihi ta 1953 ta buɗe hanyar sanya irin waɗannan gine-gine ƙarƙashin kariyar gwamnati, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda a yau badala ke hannunta a doka. Ita ce kuma ke riƙe da Gidan Makama, inda aka ajiye wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, baƙi da 'yan makaranta na zuwa kallo.

Jihar Kano ta kafa tata Hukumar Tarihi da Al'adu, mai mazauni a Gidan Ɗan Hausa, gidan da Baturen nan Hans Bisha ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. A 2007 aka shigar da badala cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Sai dai masu hannu a cikin lamarin sun yi yawa: tarayya na da doka, jiha na da filaye da tituna, masarauta na da sarakunan ƙofa, ga ƙananan hukumomin Birni, Dala da Gwale da badalar ta ratsa. Ƙofofi sun fi samun gata, don su ake gani daga mota, ko da yake wasu an rushe su an sake gina su da siminti domin faɗaɗa titi, kamar Ƙofar Na'isa a 2010. Jikin ganuwar kuwa, tsakanin ƙofa da ƙofa, a wurare da dama ya zama tudun ƙasa, wasu na ɗiba suna gini, wasu sun kafa shaguna a inda take.