Octavia Hill, Kuɗin Wani Marubuci da Gidajen Hayar Landan

'Yan uwa marubuta, wannan makon za mu leƙa birnin Landan na shekarar 1865. Leburori sun cika gari, iyali guda na cunkushe a ɗaki ɗaya, masu gidaje kuwa haya kawai suka sani, gyara babu ruwansu.

A wannan hali ne Octavia Hill, wadda aka haifa a 1838, ta ƙudurta gyara gidajen talakawa, sai dai ba ta da jari. Wanda ya sa kuɗin ɗan uwanmu ne a sana'a: marubuci John Ruskin, da ya gaji dukiyar mahaifinsa a 1864. Ya ba da fam 750, aka karɓi gidaje uku a Paradise Place da ke unguwar Marylebone. Amma ba kyauta ya bayar ba. Ya gindaya sharaɗin a riƙa ba shi ribar kashi 5 cikin 100 duk shekara, don sauran masu kuɗi su ga cewa gidan talaka ma yana biyan kansa, su shigo. Suka kuwa shigo. Zuwa 1874 Hill tana kula da 'yan haya kusan 3,000, da kuɗin mutane masu zaman kansu.

Abin da ya riƙe amanar masu jarin shi ne yadda take karɓar haya. Duk mako ita da matan da ta horar suke bi ƙofa-ƙofa, sun san kowa da sunansa. In an cire rabon mai jari, rarar ta tafi gyara, 'yan hayar ma suna da ta cewa kan abin da za a gyara. Wanda ya ƙi biya kuwa, sai ya kwashe kayansa.

A ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Kashi 5 ɗin nan sai ya fito daga aljihun wani, don haka mai aikin yau da shi gobe babu bai cika samun ɗaki ba. Masu ɗan abin hannu cikin talakawa su suka fi morewa. Bayan dokar gidaje ta 1890, hukumar birnin Landan ta shiga gina gidajen haya da kuɗin jama'a. Hill ba ta goyi bayan hakan ba.